Makanikin Gas da Iyakar Dabara

Ranar 29 ga Mayun 2023, a wajen bikin rantsar da shi a Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwan Arewa. A watan Yuli ta kai 617, zuwa Oktoban 2024 kuwa ta tsallake naira 1,000. A daidai wannan lokaci ana sayar da ma'auni ɗaya na gas ɗin mota, wanda ake kira CNG, a kan naira 230, alhali tafiyar da ma'aunin ke yi ba ta gaza ta litar fetur ba. Ɗan tasi ba ya buƙatar malamin lissafi ya yi masa bayanin wannan.

Gas ɗin ba baƙo ba ne. Babu ƙasar da ta kai Najeriya arzikinsa a Afirka, kuma an shekara da shekaru ana ƙone wani kaso nasa a banza a rijiyoyin mai na Neja Delta. Tun 2009 kamfanin NIPCO ya fara sayar wa motoci da shi a birnin Benin. A Disambar 2020 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da gas, aka yi jawabai, aka watse. Muddin fetur na araha, wa zai kai motarsa a huda mata inji? Sai da aljihu ya ji a jikinsa kan mage ya waye. A Agustan 2023 aka kafa shirin shugaban ƙasa na CNG, da burin sauya motoci miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2027, aka kuma yi wa direbobin haya da ke cikin ƙungiyoyin sufuri alkawarin sauya musu kyauta, tunda kuɗin aikin a kasuwa kan doshi naira miliyan ɗaya, wani lokaci ya wuce.

To amma takardar gwamnati ba ta ɗaure noti. Duk wannan buri, a ƙarshe, yana komawa hannun mutum ɗaya ne da ke tsaye a gareji, bonet a buɗe a gabansa, sufana a hannun dama, kwamfuta a kan kujerar direba. Shi ne makanikin gas, kuma aikinsa ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Da farko a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Gas ɗin girki daban, na mota daban. Na girki ruwa ne a cikin tukunya, shi ya sa in ka girgiza ta kake jin motsinsa. Ya fi iska nauyi, in ya zuba sai ya kwanta a ƙasa yana jiran ashana. Ƙarfin matsinsa kuwa yawanci bai kai bar 10 ba. CNG iska ce zalla, mafi yawanta sinadarin mitan, ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi, in ta sami kafa sama take yi ta baje. Ba ta kamawa da wuta sai ta cakuɗu da iska tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Ta wannan fuskar ta fi fetur lafiya. Inda gizo ke saƙa shi ne matsi: ana ɗura ta ne a kan bar 200. Tayar ƙaramar mota bar biyu da 'yan kai take ɗauka. Ke nan abin da ke kwance a but ɗin motar ya ninka iskar taya kusan sau casa'in. Duk wata ƙa'ida ta wannan sana'a daga wannan lamba ta samo asali.

Sauya mota kuma ba yana nufin raba ta da fetur ba. Tankinta na nan, famfon mai na nan. Hanya ta biyu ake buɗe mata, ta zama mai cin abinci iri biyu, da ɗan makunni kusa da sitiyari da ke nuna wanda take kai da kuma abin da ya rage a tukunya.

Gwani ba ya fara aiki da kwance kaya. Yana farawa ne da sauraren motar a kan fetur, kuma nan ne ake gane shi, domin shi kaɗai ke iya kallon mai mota da kuɗi a hannu ya ce masa ba yau ba. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, yana son tartsatsi mai ƙarfi. Fulogin da ya gaji, ko koyil mai rauni, ko wayar fulogi da ta tsage, duk suna iya lallaɓawa a kan fetur wata da watanni, amma ranar da aka juya mota kan gas sai ta fara tari da fizga. Mai mota ya ce gas ne ya lalata masa inji, alhali ciwon tsoho ne, gas ɗin tona shi kawai ya yi. Saboda haka sai an auna ƙarfin matsin kowane fistan, an duba ko inji na shan baƙin mai, an karanta kurakuran da ƙwaƙwalwar motar ta adana. Sai kuma lagireto. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu: da zarar motar kwatano ta iso, sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Makanikin gas da ya san aikinsa yakan sa a mayar da su yadda suke, kuma za a ga dalili nan gaba kaɗan.

In mota ta ci wannan jarrabawa, sai a zo kan tukunya. Irin wadda aka fi ɗaura wa ƙananan motoci ƙarfe ce guda ɗaya, ba haɗi, ba walda ko ta ɗigo. A wuyanta an buga sunan kamfanin da ya ƙera ta, da lambarta, da ranar ƙira, da matsin aiki na bar 200, da matsin gwaji na bar 300. Bisa ƙa'idar ISO 11439, irin wannan tukunya ba za ta fashe ba sai matsi ya wuce bar 450, kuma rayuwarta ba ta wuce shekara 20. Makanike yana karanta wannan rubutu kafin ya taɓa komai, ya shafa jikinta yana neman tsatsa, ko lotsawa, ko wurin da aka goge aka sake fenti. Mai cin lita 60 zuwa 65 tana da nauyin kilo 60 zuwa 70: fasinja ce da ba ta sauka, ba ta kuma biyan kuɗin mota. Dole a yi lissafin wurin zamanta, a duba ko sifirin da shokozoban baya za su ɗauka, musamman a Golf ko Sharon ɗin haya da dama can lodi ya gama da su.

Ɗaure ta ma ilimi ne. Ƙarfen ƙasan but siriri ne. In aka huda shi aka zura noti kawai, ranar da mota ta yi karo tukunyar za ta tsinke ta yi gaba ta bayan fasinjoji. Don haka ake sa faranti mai kauri ta ƙasa ya riƙe notin, a kewaye tukunyar da ɗamarar ƙarfe biyu, a shimfiɗa roba tsakanin ɗamara da jikinta don kada gogayya ta ci ta. A bakinta akwai bawul mai tsaro kashi-kashi: wani ɓangare na narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 110, ya saki gas ɗin a hankali kafin wuta ta fasa tukunyar, wani kuma na rufe hanya da kansa idan bututu ya tsinke. Ana lulluɓe bakin a jawo tiyo zuwa waje, ta yadda ko yoyo ya faru ba cikin mota zai taru ba.

Daga nan siririn bututun ƙarfe mai kaurin milimita shida ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa inji. In kana son sanin hannun makanike, leƙa ƙasan motar. Gwani ba ya bari bututun ya kusanci salansa, ba ya barinsa ya fi ƙarfen mota sauka ƙasa inda dutse ko tudun kan titi zai daki shi, yana kafe shi da maɗauri a kai a kai, kuma a kowane ƙarshe yana murɗa shi zagaye ɗaya ko biyu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ado ne. Wannan murɗin shi ke shanye girgizar hanya. In babu shi, ramukan titi za su yi ta lanƙwasa ƙarfen a wuri ɗaya har ya tsage a bakin mahaɗa.

A cikin bonet ake ɗaura regileta, mai sauko da matsi daga bar 200 zuwa wajen bar biyu. Iska in ta fito daga matsi mai tsanani zuwa sarari sai ta yi sanyi ƙwarai, har ƙanƙara kan fito a jikin ƙarfen ko da rana ta take. Shi ya sa ake jawo ruwan zafi daga inji ya riƙa zagaya cikin regiletar. Ga dalilin tamostat ɗin nan: mota a kan fetur take tashi, ba ta komawa gas sai ruwan ya ɗumama regileta zuwa digiri 30 ko 40. Injin da aka hana shi yin zafi, da asubar hunturu a Zariya ko Jos, zai yi ta shan fetur tsawon tafiya, direba na mamakin ina ribar da aka yi masa alkawari.

Sai aikin da ke sa mai mota ya kau da kai: huda manifol. Kowane fistan sai an buɗe masa ƙofar gas tasa, kusa da injektar fetur, a karkace ta fuskanci inda iska ke tafiya. Mai haƙuri yakan kwance manifol ɗin gaba ɗaya ya huda shi a kan benci, don kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa cikin inji. Tiyoyin da ke kawo gas daga injektoci dole tsawonsu ya zama ɗaya, gajeru kuma, in ba haka ba wani fistan zai riga wani samu. Girman ramin nozul ma ba da ka ake zaɓa ba, gwargwadon ƙarfin injin ne a raba shi da yawan fistan. Wayoyi kuwa, ana yanke wadda ke kai umarni ga kowace injektar fetur a bi da ita ta cikin sabuwar ƙwaƙwalwar gas. In aka haɗa ta fistan na ɗaya da injektar na uku, mota za ta tashi lafiya lau, sai lokacin sauyawa ta kama rawar ɗari. Gwani yana narka dalma a kowace mahaɗa ya rufe ta, ba murɗawa da salatif ba.

Duk wannan rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ido ba ya gani, shi ne saiti, kuma a ganina nan ne sana'ar ta fi ban sha'awa.

Ƙwaƙwalwar motar ta asali ba ta san an kawo gas ba, kuma ba a son ta sani. Tana ci gaba da lissafinta: ga yawan iskar da ke shiga, ga yadda aka taka totur, don haka a buɗe injektar fetur na tsawon kaza. A silo, wannan tsawon bai wuce kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Ƙwaƙwalwar gas tana tare wannan umarni a hanya, ta hana fetur fita, ta auna zafin gas da matsinsa a wannan lokacin, ta mayar da umarnin zuwa gwargwadon gas ɗin da zai yi aiki iri ɗaya. Fetur na son iska ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone tsaf, gas kuwa wajen ninki 17. Aikin makanike shi ne ya koya wa sabuwar ƙwaƙwalwar wannan musaya, a kowane irin gudu da kowane irin lodi.

Yadda yake ganewa abin burgewa ne. A cikin salansa akwai sensa mai sansano hayaƙi tana kai rahoto. Sai ya bar motar a kan fetur ya dubi lambar da ke kan kwamfuta, sannan ya juya ta kan gas ya sake duba. In lambar ta hau, to ƙwaƙwalwar asali na kukan abinci bai isa ba, tana ƙoƙarin ƙarawa. In ta sauka, gas ya yi yawa. In ba ta motsa ba, an dace. Amma dacewa a silo, a inuwar gareji, ba ta nufin komai. Dole a hau titi: ɗaya na tuƙi, ɗaya na gefe da kwamfuta a cinya, a taka a hankali, a taka da ƙarfi, a kunna na'urar sanyaya mota, a hau gada, a saki totur a gangara. Manhajar tana iya yin saitin farko da kanta, kuma masu gaggawa nan suke tsayawa. Gwani sai ya bi layi-layi yana gyarawa da hannu.

Akwai jarabawar da ke zuwa daga wajen direba. Shi burinsa tukunya ta daɗe, don haka yakan roƙi a matse masa gas. Makanikin da ke son a yabe shi yau zai matse. Wanda ya san abin da yake yi zai ƙi, domin cakuɗin da gas ya yi wa kaɗan yana daɗewa yana ci a cikin inji, wutar ta riƙa bin bawul ɗin hayaƙi tana gasa shi. Ga shi dama gas busasshe ne, ba ya jiƙa bawul ya sanyaya shi yadda fetur ke yi. Bayan wata shida sai a ji mota ta rasa fistan ɗaya, kuɗin da aka tara ya tafi wajen sauke kan inji. Haka nan yakan gaya wa direba gaskiya tun farko cewa mota za ta rage ja da kusan kashi 10 cikin ɗari, saboda gas na cinye wani ɓangare na wurin da iska za ta shiga. Ana rage wannan asara da gyaran taimin: gas na jinkirin kamawa, amma yana jure matsi fiye da fetur nesa ba kusa ba, don haka ana sa tartsatsi ya riga lokacinsa da 'yan digiri, a kan gas kaɗai, ya koma yadda yake da zarar an juya fetur.

Tsofaffin motoci masu kafireto ba su da ƙwaƙwalwar da za a tambaya. A nan zobe ake sa wa a bakin kafireton, iskar da inji ke zuƙa ta jawo gas ɗin da kanta, a daidaita da sukurori biyu. Kunne ne kwamfutar, kuma tsofaffin hannu sun fi yara 'yan makaranta iya wannan. Adaidaita sahu ma haka take da sauƙin sha'ani, ko da yake kamfanonin Bajaj da TVS na Indiya suna ƙero masu gas tun daga masana'anta, abin da ya fi wa mai biyan balas kullum kwanciyar hankali.

Ƙarshen aiki ruwan sabulu ne. A ɗura gas, a bi kowace mahaɗa ana shafawa ana jiran kumfa, sannan a bi da na'urar sansano yoyo. Mahaɗar da ta yi kumfa ba a ƙara mata ɗauri da ƙarfin tsiya. Saki matsin ake yi, a yanke bakin bututun, a sa sabon zobe.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi girmamawa a wajen waɗannan mutane. Makanikin ƙasar nan da dabara aka san shi. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga yadda ake tayar da abin da masu shi suka yi wa jana'iza: a fafe wannan, a yi wa wancan walda, a ɗauko kayan wata mota a sa wa wata, ta tashi ta yi shekara goma. Ba don wannan baiwa ba, da rabin motocin da ke kan titunanmu sun daɗe a bola. To sai ga sana'ar da ke cewa mai wannan baiwa: daga regileta zuwa inji, yi dabararka, ƙera maɗauri, nemo hanyar da tiyo zai bi a injin da ba a yi shi don haka ba; amma daga regileta zuwa tukunya, inda bar 200 yake, ajiye ta. Ba a walda, ba a faci, ba a aron bututun birki ko na na'urar sanyi, ba a karɓar tukunyar da ba a san asalinta ba komai arharta. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse tana shan gas a wani gidan mai a birnin Benin, mutane suka jikkata, kuma hukumomi suka ce tukunyar da ke cikinta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Wanda ya haɗa ta ba rashin iya walda ne ya kayar da shi ba. Mutumin da hannunsa ya saba da cewa komai na gyaruwa, ya iya kame wannan hannu a inda ya kamata, wannan ba ƙaramar tarbiyya ba ce, kuma ba a koyonta a mako biyu na bita.

Ilimin kansa ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Italiya ta fara tuƙa motoci da gas tun shekarun 1930, kuma har yau sunayen kamfanoninta irin su Landi Renzo, da aka kafa a 1954, da Lovato da Tomasetto ne ake gani a jikin regiletoci, tare da na Chana da Indiya. A Delhi kotun ƙoli ce ta ba da umarni a 1998 saboda hayaƙi, zuwa ƙarshen 2002 motocin bas na birnin suka koma gas. A gida kuwa, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC suna horar da makanikai, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta fitar da ƙa'idojin kayan aiki.

Labarin Pakistan ne ya kamata ya hana masu mulki barci. Ta kai motoci kusan miliyan uku a kan gas, sannan gas ɗin ya gaza, aka koma rufe gidajen sayar da shi kwanaki a kowane mako. A nan gida ma samun gas ɗin ne abin dubawa. Tukunya ɗaya a ƙaramar mota kilomita 150 zuwa 200 take yi, ba ta kai mutum daga Kano zuwa Kaduna. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, an kuma sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. Kafin nan da tirela ake hauro da gas Arewa. Ga kuma manyan masu sha suna shigowa: matatar Ɗangote kaɗai ta sanar da tireloli 4,000 masu gas a 2025. Makanike zai iya yin saitin da babu kamarsa, amma ba shi zai rage layi a gidan gas ba.

Abin da ke hannunsa shi ne abin da zai biyo bayan aiki. Yakan ce wa direba kada ya bar tankin fetur ya bushe, don famfon mai na ƙonewa in ya yi ta juyawa babu komai. Ya riƙa tafiya kan fetur lokaci-lokaci don kada injektoci su toshe. Ya sauke fasinja kafin a ɗura gas. Kada kuma ya yi faɗa da mai ɗurawa in ya ga geji ya ɗan sauka bayan an cika, domin gas na zafi lokacin ɗuri, in ya huce sai matsinsa ya ragu. Yakan ce a dawo da motar bayan ta yi tafiyar farko a sake bin mahaɗai da ɗamara, a canza filta, a duba gibin bawul a injinan da ake saita su da hannu. Sannan ya rubuta lambar tukunyar da ranar da za a sake gwada ta. A Indiya duk shekara uku ake sauke tukunya a cika ta da ruwa a matsa ta a ga ko ta buɗe, a Ajantina duk shekara biyar. Ko da wanne aka ɗauka, dubban tukwanen da aka ɗaura a 2024 za su fara cika wa'adinsu tsakanin 2027 da 2029, da yawansu a motocin da suka riga suka canza hannu sau biyu ko uku, kuma littafin garejin da ya ɗaura su ne zai nuna wace ce wace.